Rigar Ulu a Tsakiyar Bazara

Mai ɗakina, Allah ya jiƙanta, ba ta yarda abu mai daraja ya zauna tsirara a gidanta ba. Rediyo tana da riga, filas ɗin shayi yana da riga, rimot ɗin talabijin yana da tasa har da 'yar igiyar ratayewa. Da na yi sake, da babur ɗina ma an saƙa masa wando. Kwarashi da zaren ulu ba sa barin hannunta, ko hira muke ko faɗa. In na yi ƙorafi sai ta ce, "Malam, kai ka yad da kaya, ni ka tsinta. Bar ni da aikina." Ni kuwa sai in bar ta, don gaskiya ta faɗa.

Sana'ata ɗaukar bidiyo ce, ko in ce ita ce a da. Biki, suna, saukar karatu, walimar dawowa daga aikin Hajji, duk inda aka ɗora babbar tukunya sai an neme ni. Na yi Gusau unguwa-unguwa, na yi Ruwan Bore, na yi Kekun Waje ta wajen Bungudu, na yi 'Yandoto garin su mai ɗakina har ban san iyaka ba. Daga baya kowa ya samu waya mai kyamara, kowa ya zama mai hoton kansa, hanyoyin ƙauye kuma suka zama abin da suka zama. Na rufe shago ba tare da kowa ya kore ni ba. Abin da ya rage mini kwalaye ne cike da kaset da faifai, suna cin wuri, gara tana leƙensu.

Wani abokina mai gyaran kwamfuta a kasuwa, wanda muke ce wa Injiniya, shi ya fitar da ni. Kirista ne mutumin Filato, amma ya daɗe a Gusau har ya fi wasu 'yan gari iya zolaya. Ya ce in juye komai cikin wata ma'ajiya da ake kira SSD. Ya miƙo mini ita, 'yar aba mara nauyi, da kaɗan ta ɗara kwalin ashana, ba ta ƙara, babu abin da yake juyawa a cikinta balle ya karye. Na ce masa aikin rayuwata ba zai shiga cikin wannan ba. Ya ce, "Mai hoto, hal kai za ta ɗauka in ka iya shiga." Mun sha wahala wajen juyewa, amma komai ya shiga.

Ranar da na kawo ta gida, mai ɗakina ta juya ta a hannu ta ce wannan ba za ta yi ƙarko a wurina ba. Lokacin sanyi ne. Ta zauna ta saƙa mata riga ta ulu, ja da ruwan ɗorawa, ninki biyu saboda faɗuwa, ta ɗinke bakin ruf, ta bar 'yar kafa daidai inda ake soka waya. "In na bar mata baki, cirewa za ka yi," in ji ta. Ita ce saƙa ta ƙarshe da ta gama. Akwai wata hular jariri da ta fara bayanta, tana nan a cikin kwalla da kwarashin a soke.

Bayan rasuwarta gidan ya yi mini yawa. Yaranmu maza neman abinci ya watsa su, suna kira ranar Juma'a su tambayi ciwon ƙafata, in ce da sauƙi, su ce Allah ya ƙara, shi ke nan. Na gano cewa mutum yana iya wuni bai buɗe baki ba in ban da salla da amsa sallamar mai ruwa. Nakan kunna rediyo ba don in ji labari ba, don dai a samu mai magana a tsakar gida. Kaɗaici ne, ba ni da wani suna da zan sa masa, kuma ban iya shi ba.

Ana tsakiyar bazara, lokacin da ko ƙadangare inuwa yake nema, 'yata ta zo daga Fatakwal inda take aure. Ita ce 'yar fari. Wanda ya tashi a gidajenmu ya san abin da ke tsakanin mutum da ɗan farinsa. Ba ka kiran sunansa, ba ka wasa da shi a gaban mutane, ba ka nuna ya dame ka. Da aka yaye ta kakarta ta ɗauke ta zuwa 'Yandoto, can ta girma. Ni "ke" nake ce mata, uwarta kuwa ko "ke" ɗin sai ta kama dole. In ta zo ganin gida a da, takan durƙusa daga bakin ƙofa ta gaishe ni, in amsa ina murɗa rediyo, ta wuce ciki. Duk abin da nake son sani game da ita daga bakin uwar nake ji. Yanzu babu uwar, ni kuma ban san ta inda ake fara hira da 'yar fari ba.

Sai da ta huta ta ci abinci sannan ta faɗi abin da ya kawo ta, kanta a ƙasa. "Baba, yara na tambayar muryar Inna. Ƙaramar ba ta tuna ta ko kaɗan. In kun yarda, in kwahe abin da ag gare ku in kai masu." Aikin kwamfuta take yi a ofishin wata makaranta a can, don haka ta zo da laftof ɗinta da wata sabuwar ma'ajiya fil a leda.

Na ce ba laifi, amma akwai matsala. Uwarta ba ta taɓa tsayawa gaban kyamarata ba. Matar mai bidiyo ce, amma in ta ga na ɗaga kyamara sai ta ja mayafi ta juya baya. Ba ni da wani faifai guda da zan ce ga Inna. A warwatse take cikin bukukuwan mutane: ga ta tana wucewa da kwanon tuwo a sunan wani, ga muryarta daga bayan zana tana faɗa da masu wanke-wanke, ga hannunta kawai yana miƙa goro. In ana son ta, sai an kwashe duka. 'Yata ta ce to a kwashe duka.

Washegari da hantsi muka shimfiɗa tabarma a baranda, ta ɗora laftof a ƙaramin tebur, ta soka ma'ajiyata a gefe ɗaya, tata a ɗaya gefen, ta danna. Wani koren layi ya fito ya zabura da gudu. Ta ce, "Kahin azahar ya ƙare, gobe sai in bi motar sahe." Na ce madalla, amma raina bai so ba. Ban gama kurɓar shayina ba layin ya fara ja da baya. Daga gudu ya koma tafiya, daga tafiya ya koma rarrafe, daga nan sai ka ƙura ido ka rantse a tsaye yake. Kwamfutar da ta ce saura kaɗan ta dawo ta ce saura wuni, can ta ce saura kwanaki, ta sake dawowa ta ce ba ta sani ba. Alkawarinta ya zama irin na tela ana gobe salla.

Abu biyu suka haɗu suka ja maganar. Ba mu cika samun wuta ba a unguwarmu, ɗan solan da nake da shi kuma batirinsa ya tsufa, rana na yin sanyi yake sallama. Dole da la'asar sakaliya mu tsayar da aikin, mu ci gaba da safe daga inda aka tsaya. Sannan hanyar Tsafe zuwa Funtuwa ba a binta da yamma, wannan ko baƙo ya sani. Wanda bai samu motar safe ba ya kwana. Don haka kowace safiya sai ta leƙa ta ce, "Baba, da saura," ni kuma in ce, "To, sai gobe ke nan," ina ɓata rai kamar abin ya dame ni. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama.

Ba wai mun naɗe hannu ba ne. Ni ma ba baƙon kwamfuta ba ne, na ci abinci da ita. Na fara zargin kafar da aka soka wayar, na ce a mayar da wayar wata kafa mai shuɗin ciki, wadda ta fi sauri. Aka mayar. Layin ya zabura, muka kalli juna, ya sake kwantawa. Na ce to waya ce, don akwai wayoyin da caji kawai suka iya, ba su iya ɗaukar kaya ba. Na zazzage jakar shago na fito da wayoyi a cukurkuɗe, muka gwada su ɗaya bayan ɗaya har muka dawo kan ta asali. Ta ce wataƙila mai gadin kwamfutar ne, wato antibairos, yake tsayar da kowane fayil yana caje shi kafin ya wuce. Ta kashe shi, babu abin da ya canja. Muka rufe duk wani abu da yake buɗe, muka kashe laftof ɗin muka kunna. Na ce ko ƙananan hotuna ne suka yi yawa, don tsintar gero ɗaya-ɗaya ta fi ɗaukar buhu wuya. Muka ware manyan bidiyo kaɗai muka tura, su ma haka suka yi.

Daga nan na ɗora laifin a kan sabuwar ma'ajiyarta, na ce ta sayo jabu a Kudu. Ba ta yi gardama ba. Ta ɗauki wani babban fayil daga laftof ɗinta ta jefa a ciki, kafin in gyara zama ya shige. Ta cire tata gaba ɗaya, ta ja kaya daga tawa zuwa cikin laftof, sai ga rarrafen nan ya dawo. Magana ta fito fili, tawa ce ba ta da lafiya. A nan tsoro ya kama ni, don na ɗauka mutuwa take shirin yi da komai a cikinta. Na ga 'yata ta ɗauke ta, ta riƙe kaɗan, ta ajiye da sauri, ta shafa ulun da yatsa tana gyara masa zama. Ta ce, "Ba mutuwa za ta yi ba, Baba. Mu bi ta a hankali." Na ce ai sannu ba ta hana zuwa.

A cikin kwanakin nan gidan ya dawo gida. Na ji ƙarar turmi da safe. Na ji ƙanshin daddawa yana fitowa daga madafin da gizo-gizo ya gaje. Na ji tarin wani mutum ba nawa ba. Ta wanke rigunan rediyo da filas ta shanya a igiya, tsakar gida ta yi ja da kore. Abin da ya fi duka shi ne zaman baranda. Ba zai yiwu in ce wa 'yar fari zo ki zauna kusa da ni ba, ita ma ba za ta zo ba. Amma aiki ne, dole a tsare shi, sai ga mu a tabarma ɗaya muna kallon koren layi. Ina tambayar layin abin da nake son tambayar ta. In ce, "Wanga abu ya hi ruwan Fatakwal daɗewa," sai ta ba ni labarin ruwan Fatakwal, daga nan ta shiga labarin yara, da maƙwabciyarta mai kifi, da yadda take kewar fura.

Tun da jira muke, sai muka fara buɗe bidiyon muna neman uwarta. Na san sarai cewa kallo ana cikin turawa ƙara wa aikin nauyi yake, ita ma ta sani, amma muka ci gaba da kallonmu. Muka same ta a wani biki a Kekun Waje tana raba wa mata lalle. Muka same ta a Ruwan Bore, ranar da babur ya mace mana a hanya, na bar kyamara a kunne tana ɗaukar ƙasa, muryarta tana cewa, "Nic ce maka ka sha mai, kac ce ya isa." 'Yata ta yi dariya har ta rufe baki da mayafi. Ban taɓa jin dariyarta kusa haka ba, kuma irin ta uwar ce sak.

Sannan muka zo kan bikinta ita kanta. A ranar, uwar ta ɓuya a wani ɗaki na ƙuryar gida saboda kunyar 'yar fari, ko fitowar amarya ba ta tsaya gani ba. Haka kowa ya sani, haka ita amaryar ta riƙe a ranta shekara da shekaru. To ashe lokacin da ake fito da ita, na aza kyamara a kan turmi na je raba wata rigimar masu mota. A gefen hoton, can ƙurya, sai ga labule ya ɗaga kaɗan. Rabin fuska ne kawai da hannu riƙe da bakin labule, ta bi amarya da ido har aka fita da ita zaure. Ni kaina ban taɓa lura ba sai ranar.

"Ashe ta leƙo," in ji 'yata.

Na ce, "Ta leƙo."

Ta mayar da wurin baya ta sake kallo, ta kuma mayarwa. Na tashi na tafi duba randa, ko da yake na san a cike take.

Baƙo raɓa ne, ko da ɗanka ne. Wata safiya na ji ta a bayan ɗaki tana waya da mijinta, tana rage murya. Ban kasa kunne ba, amma gidan da ya saba da shiru ba ya ɓoye magana. Na ji tana cewa a lallashi ƙaramar ta ci abinci, a ce mata Umma tana hanya. Na ji tana cewa ta san hutun da aka ba ta a wurin aiki ya ƙare. Da ta fito ta ga ina tsaye, sai ta ce lafiya lau suke, suna gaishe ni. Na hau babur na nufi kasuwa wurin Injiniya, na bar ta tana tsaron layi.

Na same shi yana cin gyaɗa a gaban fanka, ya buɗe cikin wata kwamfuta. Na zayyana masa duk abin da muka gwada. Ya saurara yana gyaɗa kai, sannan ya ce, "Tsaya. Da gudu taka hwarawa, sannan ta mutu?"

Na ce haka ne, kullum.

"In kun bar ta ta huta, da sahe ta sake gudu?"

Na ce kamar yana wurin.

"In ka taɓa ta, da zahi?"

Na ce ban sani ba, a cikin riga take.

Ya ajiye gyaɗar. "Wace riga?"

Na gaya masa. Ya buɗe baki zai yi dariya, sai ya tuna, ya rufe. Ya san saƙarta, 'ya'yansa duk sun sa hulunanta suna jarirai, matarsa ta zo gaisuwa ta yi kuka kamar 'yar'uwa. Ya yi bayani a hankali. Ya ce ita wannan aba in tana aiki mai yawa zafi take yi, jikinta na ƙarfe shi ne yake fitar da zafin. In zafin ya rasa hanyar fita, da kanta take rage gudu don kada ta ƙone. Ni da nake buɗe ta jefi-jefi in kalli abu ɗaya in rufe ba zan taɓa gani ba, sai yanzu da aka ce ta sauke kayanta duka, a bazarar Gusau, cikin ulu ninki biyu. "Kai ko a sa maka rigar sanyi yanzu a ce ka yi gudu, mi za ka yi? Cire mata rigar, Mai hoto. Ka aza ta wuri mai sanyi. Yau za ku gama." Ashe duk kwanakin nan jaki muka bari muna dukan taiki.

Na ce masa ɗinke take, sai an yanka. Ya ce ya sani. Ya tambaye ni yaushe yarinyar za ta koma, na ce in an gama. Ya dube ni ya daɗe, don shi ma nasa 'ya'yan duk sun koma gida sun bar shi daga shi sai matarsa. Ya tura mini ledar gyaɗar.

Ban bi hanyar gida kai tsaye ba. Na zaga ta inda ba ni da aikin komai, na tsaya sayen lemon da ba na sha. Da na shigo ta ce, "Mi Injiniya yac ce, Baba?" Na ce yana tunani a kai. Na zauna a tabarma kusa da 'yata, muka kalli layin yana rarrafe har rana ta yi sanyi, kuma ban taɓa son wani abu mara lafiya kamar yadda na so ma'ajiyar nan a yinin ba. Abu biyu nake jin tsoron rasawa da reza ɗaya, saƙar uwar da zaman 'yar. Amma da ta kawo mini tuwo na lura wayarta tana hannunta, tana duba ta tana kifewa. Can wata ƙaramar yarinya tana ƙin abinci saboda uwarta ba ta nan. Ni na san yadda gida yake in babu matar gidan, ba sai an ba ni labari ba.

Da safe, bayan ta jona komai ta shiga madafi, na tsayar da aikin na zare ma'ajiyar. Ko ta cikin ulun ana jin ɗuminta. Na nemi bakin zaren don in warware ba tare da na yanka ba, na juya sama na juya ƙasa, amma mai ɗakina in ta ɓoye ƙulli sai ita. Na ɗauko reza. Na yi bismilla na tsaga gefe ɗaya, zaren ya yi ta tsinkewa yana nannaɗewa. Ƙarfen ya faɗo a tafin hannuna da zafi kamar murfin tukunya, sai da na sauya hannu. Na ja teburin zuwa gindin randa, inda yashi yake a jiƙe kullum, inda mai ɗakina take ajiye goro da nono. Na kifa farantin silba a kan yashin, na ɗora ma'ajiyar a kai don kada ruwa ya taɓa ta, na bar ta ta huce, sannan na jona na danna.

Layin ya zabura kamar kullum. Na jira ya kwanta, bai kwanta ba. Ya yi ta tafiya, bikin wannan ya wuce, sunan wancan ya wuce, Kekun Waje, 'Yandoto, Ruwan Bore, ina ganin sunayensu suna gilmawa. Kwamfutar ta ce saura kaɗan, kuma a karon farko gaskiya ta faɗa. Na ji haushinta ƙwarai.

'Yata ta fito da ludayi a hannu ta tsaya a kaina. Ta kalli layin, ta kalli farantin, ta kalli tsagaggen ulun da yake kan cinyata. Ta durƙusa ta ɗauke shi.

Na ce, "Zahi na. Rigar ta hana ta shan iska."

Ta ce, "Na sani, Baba."

Na ɗago na dube ta, abin da ban saba yi ba.

"Tun ranar da nir riƙa ta nij ji zahin. Muna da irinta a ofis."

"Mi ya hana ki hwaɗi?"

Ta yi ta lanƙwasa zaren a yatsa. "Saƙar Inna ta," in ji ta. Sannan ta ƙara da cewa, "Kuma ban ga kuna sauri ba."

Na ce ta duba miyarta kada ta kama. Kafin a kira azahar layin ya kai ƙarshe. Muka bi manyan fayilolin muna buɗewa a cikin tata don mu tabbata, komai ya shiga, har da labulen da ya ɗaga. Sauran yinin ba mu da abin tsaro, don haka ba mu da dalilin zama a tabarma ɗaya. Ta shiga ɗakin uwarta tana haɗa kaya, ni kuma na zauna a zaure ina murɗa rediyo.

Da sassafe na ɗauke ta a babur zuwa tasha, jakarta a kan tanki. 'Yan kamasho suna ta kiran Funtuwa da Zariya da Kaduna. Ta samu wuri a bakin taga. Na tsaya a gefe ina yi wa direba faɗan kada ya yi gudu, kada kuma ya tsaya a hanya, alhali ba shi na so yi wa magana ba. Da mota ta cika aka tayar, sai ta leƙo.

"Baba, na Ruwan Bore bai shiga ba. Na duba da asuba, babu shi."

Da idona na ga na Ruwan Bore ya shiga. Tare muka buɗe shi a cikin tata, muka sake jin maganar man babur.

Na ce, "To, yana nan."

"Sai na dawo in ɗauka."

"Allah shi kai mu."

Motar ta fita ta kama hanyar Tsafe, na tsaya har ƙurarta ta kwanta. Na dawo gida na tarar ta mayar wa rediyo da filas rigunansu, ta cika randa, ta share baranda ta naɗe tabarmar ta jingine. Tsagaggen ulun na sa shi a kwalla tare da hular da ba a gama ba. Ma'ajiyar kuwa tana nan tsirara a kan farantinta, a wuri mai sanyi, in na share ɗaki in goge ta da gefen riga. Wani ɗana ya ce in aika masa da ita ya adana mini, na ce a'a. Akwai wadda za ta zo ɗaukar na Ruwan Bore.